Yadda Za Ka Ci Ka Ƙoshi a Biranen Sifaniya Ba Tare da Nama Ba

Sifaniya ƙasa ce mai albarkar kayan lambu, kuma babu ƙasar da ta kai ta tatsar man zaitun a duniya. Amma ita ce kan gaba wajen kiwon alade a Tarayyar Turai, kuma masu girkinta sun saba barbaɗa busasshen naman alade a kan wake da ganye da miya don ƙarin ɗanɗano, ba tare da sun ɗauka sun sa nama ba. A nan baƙo yake faɗawa. Waɗannan matakai na wanda ya bar nama ne don lafiya ko ra'ayi, da wanda ko ƙwai da madara ba ya taɓawa, da kuma Musulmin da ya ga sauƙinsa shi ne ya haƙura da nama ɗungurum har ya koma gida.

Mataki na farko: haddace tambayarka tun kafin ka tashi

Idan ka ce wa mai kawo abinci "sin carne", wato ban da nama, kada ka ɗauka magana ta ƙare. A kunnen mutane da yawa a can, jamón, busasshen cinyar aladen da ake ratayawa a shaguna, ba ya cikin lissafin carne. Kifi ma haka. Saboda haka sai ka ambaci kowanne da sunansa: "Soy vegetariano. Sin carne, sin jamón, sin atún, sin pescado." Mace za ta ce vegetariana. Ana furta jamón kamar "hamon", atún kuwa kifin tuna ne, pescado kuma kifi. Wanda ba ya cin komai na dabba zai ce vegano ko vegana, ya ƙara da "sin huevo, sin leche, sin queso", ban da ƙwai da madara da cuku ke nan.

Akwai tambayoyi uku da na fi ba muhimmanci, domin su ke tono abin da ido ba ya gani. "¿El caldo es de verduras?" tana tambaya ko romon na kayan lambu ne. "¿Lleva manteca?" tana tambaya ko akwai kitsen alade. "¿Lleva vino?" kuma ko an yi girkin da giya. Rubuta su a wayarka, in bakinka ya ƙi sai ka nuna. Ka fara da gaisuwa, ka yi tambayar da sakin fuska. In mai kawo abincin bai sani ba, zai shiga ya tambayo mai girki.

Na biyu: san abincin da sunansa ke yaudara

Wannan shi ne inda ya kamata a tsaya sosai. Burodin da ake kira bocadillo vegetal ko sándwich vegetal, duk da sunansa na nufin na ganye, kusan kullum da kifin tuna a ciki, sau da yawa har da dafaffen ƙwai. Ensalada mixta, wato haɗin salat, ma haka take. Lentejas, wato faten adas, wani ƙanƙanin wake mai faɗi, ana dafa shi da chorizo, tsiran alade mai jan barkono. Koren wake da ake kira judías verdes, da habas, da guisantes, galibi da gutsattsarin jamón ake soya su. Croquetas kuwa, 'yan dunƙulen da ake soyawa, ko da an ce na alayyafo ne, da madara ake haɗa ƙullinsu, a kuma tsoma su a ƙwai kafin suya.

Shinkafar paella de verduras tana da kyan gani, kayan lambu ne zalla a samanta, amma wasu gidajen abinci da romon kaza ko na kifi suke dafa ta. A nan tambayar caldo take aiki.

Sai kayan zaƙi, inda mutum ba zai taɓa zaton alade ba. Ensaimada, burodin Mallorca mai naɗi, da kitsen alade ake murza shi. Polvorones da mantecados, waɗanda ke cika kasuwa a lokacin Kirsimeti, su ma haka, sai dai in an rubuta cewa da man zaitun aka yi su.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da ciwo, cikinsu har da madara da ƙwai da kifi, shi ya sa za ka ga ƙananan alamomi a gefen sunayen abinci. Suna da amfani ƙwarai, sai dai nama ba ya cikin goma sha huɗun nan. Rashin alama bai wanke abinci daga alade ba.

Na uku: nemi abincin kowane gari da dama can ba a sa masa nama

A ganina wannan ya fi neman naman bogi da aka yi da waken suya, domin a nan ne za ka ɗanɗani ƙasar da kanta.

A Sevilla ka nemi espinacas con garbanzos, alayyafo da aka dafa da waken nan mai zagaye da Larabawa ke yin hummus da shi, da tafarnuwa da soyayyen burodi da kayan ƙamshi. Gidan abincin El Rinconcillo, wanda ke nan tun 1670, ya yi suna da shi. A Kurɗuba da Granada da Malaga akwai berenjenas con miel, baƙin yalo da aka yanka aka soya, a yaryaɗa masa maɗin rake. Wasu na sa zumar ƙudan zuma, don haka mai kiyaye wannan ya tambaya. Duk kudancin nan, tsohuwar Andalus, lokacin zafi ana shan gazpacho, miyar ɗanyen tumatir da kokwamba da tattasai da man zaitun, mai sanyi. 'Yar uwarta salmorejo ta Kurɗuba ta fi kauri, amma da ƙwai da jamón ake yi mata ado a sama, sai ka ce a kawo maka ita haka nan.

A Barcelona, pa amb tomàquet shi ne abin kowa: gasasshen burodi a goga masa tumatir, a zuba mai da gishiri. Ka haɗa da escalivada, gasasshen yalo da tattasai da albasa, ka dai ce kada a ɗora mata kifin anchoas. A Madrid da tsakiyar ƙasar akwai pisto, soyayyen tumatir da tattasai da koren kabewa, wanda ake yawan ɗora wa soyayyen ƙwai.

Ko ina kuma ka shiga za ka samu patatas bravas, soyayyen dankalin Turawa da jan miya, da pimientos de Padrón, ƙananan koren barkono da aka soya aka barbaɗa gishiri. Mai cin ƙwai yana da tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankali mai kauri, wadda yanki ɗaya ke riƙe ciki.

In tafiyarka ta kai Valencia, ka sha horchata de chufa. Aya ce, ayar nan tamu, ana noma ta a gonakin Alboraya da ke gefen birnin, a jiƙa a markaɗa a tace a sa sukari. Kunun aya ne ba tare da dabino da kwakwa ba, kuma babu madara a cikinsa. Dogon burodin fartons da ake tsomawa a ciki dai yakan zo da ƙwai da madara.

Na huɗu: bi agogonsu

Abincin rana daga ƙarfe 2 zuwa 4 ne, na dare kuma ba ya kankama sai wajen ƙarfe 9. Tsakanin nan ɗakunan girki da yawa a rufe suke. A ranakun aiki ana sayar da menú del día da rana: kwano na farko, na biyu, kayan zaƙi, burodi da abin sha, duka a farashi ɗaya mai rangwame. Kwano na biyu kusan kullum nama ne ko kifi, don haka ka roƙa a ba ka "dos primeros", na farko guda biyu. Wurare da yawa suna yarda. Abin shan da ke ciki yakan zama giya, sai ka ce agua, ruwa.

A Granada ana ba da ɗan abin taɓawa kyauta tare da duk abin shan da ka saya, kuma sau da yawa ba kai ke zaɓa ba. Ka faɗi abin da ba ka ci tun lokacin da kake neman lemon, kafin a ajiye maka farantin.

Na biyar: san unguwannin da za ka huta da tambaya

Tun 2016 majalisar birnin Barcelona ta ayyana shi a matsayin birni mai maraba da masu ƙaurace wa nama, kuma shi da Madrid suna da gidajen abinci da yawa da ba a shigar da nama cikinsu sam. Manhajar HappyCow tana nuna su a taswira. Unguwar Lavapiés a Madrid cike take da gidajen abincin Indiya da Bangaladash da Senegal, El Raval a Barcelona kuma na 'yan Pakistan, layin Calderería Nueva a Granada na masu shayi da abincin Maroko. A waɗannan wurare falafel, wato ƙosan Larabawa, da faten adas da kuskus na kayan lambu abinci ne na yau da kullum.

Na shida: yi guzuri

Ka shiga kasuwa da safe, La Boqueria a Barcelona ko Mercat Central a Valencia ko kasuwar Triana a Sevilla, ka sayi 'ya'yan itace da zaitun da tumatir da burodi. A manyan kantuna irin su Mercadona da Carrefour akwai gazpacho na kwali da dafaffen wake na kwalba da madarar waken suya. Ka duba alamar V mai ganye a jikin kaya, ka karanta ko vegano aka rubuta ko vegetariano. Sayayyar nan ka yi ta ranar Asabar, domin ranar Lahadi kasuwanni da kantuna da yawa ba sa buɗewa.