Yadda ake rarraba aiki mai wuya hawa-hawa

An sha tambayata yadda ake yin HTA, wato fasa babban aiki zuwa ƙanana don a gane yadda mutum ke yinsa. Ga yadda nake bi, da misalin canza tayar mota.

1. Rubuta babban burin a sama, ka ba shi lamba 0: canza tayar da ta fashe.

2. Tsaya ka kalli gwanin aikin yana yi, bakinka a rufe.

3. Bayan ya gama, tambaye shi dalilin kowane motsi.

Hattara: gwani kan manta da abin da hannunsa ya saba. Ba zai ce maka ya ja birkin hannu ba, alhali a gabanka ya ja. Rubuta abin da idonka ya gani.

4. Raba burin: 1 tsayar da mota, 2 sassauta notoci, 3 ɗaga mota da jak, 4 sa safaya, 5 sauke mota a ƙara ɗaure notoci.

5. Sake fasa kowanne: 2.1 ɗauko sifana, 2.2 murɗa noti hagu.

6. Rubuta tsarin bi a ƙarƙashin kowane hawa: "Yi 1, sannan 2, sannan 3, in ƙasa ta yi laushi, sa katako ƙarƙashin jak."

Nan ne yawanci ake tafka kuskure. Jeri kawai ba ya nuna abin da ke gaba da wani. Wanda ya ɗaga mota kafin ya sassauta notoci, taya za ta yi ta juya masa a sama.

7. Daina fasawa inda kuskure ke da wuyar faruwa kuma ba ya jawo asara.

8. Kai wa gwanin takardar ya gyara maka.