Kurakuran da na gaji da gani wajen haɗa imej na Raspberry Pi

Duk wata sai wani yaro ya shigo shagona a Ƙofar Ƙaura da Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, a leda, ya ce, "Malam, na haɗa nawa imej ɗin, ta ƙi tashi." Imej shi ne fayil ɗin da ke ɗauke da babbar manhajar gaba ɗaya, wanda ake juyewa a katin memori. Kafin yaron ya rufe baki na san ciwon.

Na farko, wanda ya taɓa hana ni runtsawa, shi ne umarnin dd, wanda ake juye imej a kati da shi. Shi dd ba ya tambayar ko ka tabbata. Inda ka nuna masa, nan zai juye. Wani dare na gama gini da Buildroot, manhajar haɗa imej, ido ya yi nauyi, na rubuta /dev/sda maimakon /dev/sdb, sunan katin. Faifan laftof ɗina ke nan. Aikin wata uku da hotunan sunan ɗiyata duk suka salwanta. Tun ranar, sai na buga lsblk, umarnin da ke jero sunayen faifai, kafin in soka katin memori, in sake bugawa bayan na soka, in ga sunan da ya ƙaru. Kai sabon shiga, tsaya kan Raspberry Pi Imager, manhajar juye imej da ke ɓoye faifan kwamfutarka.

Na biyu ya fi ƙona min rai. Masu rubuta darussan da kuke bi ba a ɗauke musu wuta sau biyar a yini. Na taɓa shirya wa wata makaranta a Daura 'yan kwamfutocin nan goma, na bar babbar manhajar tana rubutu a kati yadda ta ga dama. In wuta ta yanke ana tsakar rubutu, fayiloli kan lalace. Cikin wata guda huɗu suka ƙi tashi. Sau uku ina shiga motar Daura da kuɗina, shugaban makaranta na cewa, "Injiniya, wannan ne aikin?" Ban da amsa. Yanzu tushen tsarin a kulle nake barin sa, karatu kawai: squashfs in da Buildroot ne, ko overlayfs da ke cikin raspi-config, wurin saita Pi. Bayanan aikin yau da kullum su zauna a tmpfs, wato a RAM ba a kati ba, abin da dole a adana kuma a ware masa ɗan ɓangare daban. Sannan ina zare waya daga soket sau ashirin tana cikin aiki. In ta tashi duka, ta cancanci barin shago. Ku kuma sai ku kunna sau ɗaya, ku ga rubutu ya fito, ku ce an gama. Haba!

Kada ka zargi kanel, zuciyar babbar manhajar, alhali kati ne na bogi. An rubuta 64GB, cikinsa bai kai ba. Gwada shi da f3, manhajar auna ainihin girman kati, tukuna. Cajar waya ma ba ta Pi 4 ba ce, ita bolt 5 da amfiya 3 take so.

Imej na bit 64 ba zai tashi a Pi Zero ta farko ba, ARMv6 ce, wato mai bit 32. Orange Pi ba Raspberry Pi ba ce don sunansu ya yi kama. Kowane bod da fayil ɗinsa na dtb, mai faɗa wa kanel kayan da ke jikinsa. A Raspberry Pi OS, babbar manhajar Pi ta asali, tun 2016 SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, a kashe yake zuwa, kuma tun Afrilun 2022 babu mai amfani "pi" da aka saba. In za ka kwafi imej ɗaya zuwa katuna da yawa, goge makullan SSH da machine-id, lambar shaidar na'ura, kowace ta ƙirƙiri nata.

Data kuwa, kada ka goge ma'ajiyar abin da aka sauke, wato dl a Buildroot ko DL_DIR a Yocto, wata manhajar haɗa imej irin ta. Nawa a faifai na daban yake, ba na sayen data sau biyu kan abu ɗaya.

Kuma don Allah ku sayi wayar siriyal mai bolt 3.3, wadda ke nuna saƙonnin Pi a kan laftof, ku saita gudunta a 115200. Rabin waɗanda ake kawo min a matsayin matattu suna faɗin ciwonsu ta nan, layi bayan layi.