Tafinta a cikin Tomcat: kurakuran lodin aji da suka fi ba mu wahala

Duk wanda ya taɓa dasa tafinta, wato mai karanta rubutun umarni yana aiwatarwa nan take irin Groovy ko Jython, a cikin manhajar Java da ke kan Tomcat, sabar da ke gudanar da manhajojin yanar gizo na Java, ya san wannan labarin. A kan kwamfutarka komai na tafiya sumul, kana ɗorawa a saba sai ga ClassNotFoundException, wato ba a sami aji (class) ba, alhali fayil ɗin jar, ƙunshin da ajin yake ciki, yana nan kana kallonsa da idonka. A nan Kumasi, samarinmu na Aboabo da Asawase masu rubuta wa 'yan kasuwar Kejetia manhajar lissafin kaya sun sha kawo mini wannan koken. Suna sa tafinta ne domin a iya canza ƙa'idar rangwame ba sai an sake gina manhajar ba. Dabarar ba ta da laifi. Abin da ake mantawa shi ne Java ba ta sanin aji da sunansa kaɗai, sai ta haɗa da wanda ya lodo shi, wato mai lodi (class loader).

Masu lodi a Tomcat tamkar iyali suke. Akwai na Java kanta a sama, akwai na gama-gari mai karanta foldar lib ta Tomcat, sannan kowace manhaja tana da nata mai karanta WEB-INF/classes da WEB-INF/lib. Ɗa yana iya tambayar uba abin da ba shi da shi, amma uba ba ya leƙa ɗakin ɗa. Kuskuren da ya fi yawa daga nan yake fitowa: mutum ya jefa jar ɗin tafinta a lib na Tomcat, wai don duk manhajoji su amfana, sannan rubutun umarninsa ya nemi wani aji da ke WEB-INF/classes. Tafinta yana wurin uba, ajin yana ɗakin ɗa, ina za su haɗu? Maida jar ɗin WEB-INF/lib. In dole ne ya zauna a sama, to ka miƙa masa mai lodin manhajarka da hannunka. GroovyClassLoader da ScriptEngineManager duk suna karɓar mai lodi a lokacin da ake ƙirƙirarsu.

Sai kuskuren wanda ya gaji da bincike, ya kwafi jar ɗin ya zuba ko'ina, sama da ƙasa, ko Allah zai sa a dace. Saƙon farko kan ɓace, wani da ya fi shi rikitarwa ya maye gurbinsa: ClassCastException yana cewa ba a iya mai da Kaya ya zama Kaya. Kada ka ɗauka Java ta zare. Ka shiga Zango ka ce kana neman Alhaji Sani, tambayar farko da za a yi maka ita ce na wane gida. Aji ɗaya da masu lodi biyu suka lodo ya zama azuzuwa biyu, ko da ba su bambanta da harafi ɗaya ba. Kuma Tomcat, saɓanin yadda Java ta saba, yana fara duba kayan manhajar kafin ya tambayi na sama, sai dai azuzuwan Java kanta da irin na servlet da Tomcat ke zuwa da su. Don haka manhajarka ta ɗauki kwafinta, tafintan da ke sama ya ɗauki nasa, rigima ta tashi a tsakani. Kwafi ɗaya ake bari. Kafin ka goge komai, buga getClass().getClassLoader() a kan abubuwan biyu ka ga gidan kowanne, ko ka tada Java da -verbose:class ta nuna maka jar ɗin da kowane aji ya fito. Shi kuwa servlet-api kada ya shiga WEB-INF/lib sam, a Maven, kayan gina manhaja, ka sa masa provided.

Masu gyara CLASSPATH a kan saba kuwa su huta. Fayilolin da ke tada Tomcat ba sa kula shi.

Wanda ya fi ɓoyewa shi ne na zare (thread), wato layin da aiki ke gudana a kai. Tomcat yana ɗaura wa zaren da ke amsa buƙata mai lodin manhajar, kuma ScriptEngineManager da shi yake neman injunan tafinta in ba ka ba shi wani ba. Da zarar aikin ya koma wani zaren bayan fage, misali na parallelStream daga Java 9 zuwa sama, sai a wayi gari mai lodin wani ne daban. Alamarsa ita ce rubutu ɗaya ya yi aiki in an danna daga shafi, ya ƙi a aikin da ke tashi da kansa cikin dare. Ajiye tsohon mai lodin, sa naka da setContextClassLoader, yi aikinka, ka mayar da tsohon a cikin finally. In kuma getEngineByName ya dawo maka da null a kan JavaScript, duba sigar Java tukuna: Nashorn, tafintan JavaScript da ya zo da Java 8, an cire shi a Java 15.

NoClassDefFoundError ma ana yawan karanta shi a gurguje. In ya ce "Could not initialize class", ajin yana nan, faɗuwa ya yi a lokacin da ake tada shi karon farko. Hau sama a rajistar sabar ka nemo wancan kuskuren na fari, ƙara jar ba zai yi komai ba.

Na ƙarshe ba ya nuna kansa sai manhaja ta daɗe a tsaye. Duk lokacin da ka kira evaluate a GroovyShell, sabon aji ake haifa, Script1, Script2, haka har illa masha Allahu. In kana yi a kan kowace buƙata, kuma wani abu yana riƙe da su, Metaspace, ɓangaren ƙwaƙwalwar da Java ke ajiye azuzuwa, zai cika, ko PermGen ga wanda har yanzu yake ƙasa da Java 8. Abin dariya, sabar da ke ajiye a bayan shago dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na rufa mata asiri, don kowace ɗaukewar wuta tana share mata ƙwaƙwalwa. Ranar da aka mai da ita wurin da wuta ba ta yankewa ne OutOfMemoryError ke bayyana, a ɗora wa sabon wurin laifi. Fassara rubutun sau ɗaya, ajiye ajin da ya fito, ka riƙa ƙirƙirar sabon abu daga gare shi da sabon Binding a kowace buƙata. Zarurrukan da manhajar ta buɗe kuma a rufe su a contextDestroyed, in ba haka ba kowane sabon ɗorawa zai bar tsohon mai lodi da duk azuzuwansa a ƙwaƙwalwa.