Babi na 6: Gyaran Gida da Hannunmu, da Lokacin Kiran Mai Sana'a

'Yan uwa ɗalibai, ku karanta wannan babi a hankali. Idan kalma ta yi muku wuya, ku ɗora yatsa a kanta, ku rarraba ta gaɓa-gaɓa yadda muka saba a aji. Babu mai korar ku. Kayan aikin da za mu buƙata kaɗan ne: sifana, sukudireba, filaya, tocila, tsumma da bokiti. Wanda ba shi da su ya ara.

Kafin komai akwai doka ɗaya. Ku kwafe ta a littafinku da manyan baƙaƙe:

A RUFE, SANNAN A DUBA.

Idan aikin ruwa ne, a rufe ruwa daga tushe, sannan a duba ko ya tsaya. Idan aikin wuta ne, a kashe wuta daga tushe, sannan a duba ko ta mutu. Abu biyu ne. Rufewa ɗaya, dubawa biyu. Yawancin ɗalibai suna yin na farko su tsallake na biyu, shi ya sa za ku ji ina ta maimaitawa. Ku yi haƙuri da ni.

Darasi na 1: Famfo mai ɗiga

Famfon da yake ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da ruwa wajen lita 30 a rana, a shekara kusan lita 11,000. Galibi abin da ya lalace wata 'yar roba ce baƙa, mai huda a tsakiya, da take cikin kan famfon. Ita ce take toshe ruwa idan an murɗa. Idan ta cinye, sai ɗiga. Kowannenku zai iya sauya ta, mace ko namiji.

Da farko ku nemo makullin ruwa na gidan. Yakan kasance inda bututu ya shigo daga waje, ko a ƙarƙashin tanki. Iri biyu ne. Akwai mai kai zagayayye: wannan ana murɗa shi zuwa dama, wato yadda hannun agogo yake tafiya, har ya ƙi motsi. Akwai mai dogon hannu: idan hannun ya kwanta a kan bututu, suna bin hanya ɗaya, ruwa a buɗe yake, idan hannun ya gitta bututun, ruwa a rufe yake. Ku sake karantawa. Ya bi bututu, a buɗe. Ya gitta bututu, a rufe.

Kun rufe? Madalla. Yanzu ku duba. Ku je wurin famfon da za ku gyara, ku buɗe shi gaba ɗaya. Ruwa zai ɗan zubo, saboda akwai saura a cikin bututu. Ku tsaya. Idan ya ragu har ya ɗauke, kun rufe makullin da ya dace. Idan bai ɗauke ba, to wani makulli kuka rufe, ko wanda kuka rufe ɗin ya lalace. Kada ku taɓa sifana. Ku koma ku nema. Gida mai tanki yakan yi makulli fiye da ɗaya, kuma rufe na waje ba ya hana ruwan tanki saukowa. Nan ne mutane suke faɗawa. Na sha ganin ɗalibi ya karanta dokar da ƙarfi, muryarsa ta fi ta kowa, amma da ya isa gaban famfo sai hannunsa ya wuce kai tsaye wurin sifana. Ba rashin basira ba ne, ɗoki ne. A rufe, sannan a duba.

Ruwa ya tsaya. Ku cusa tsumma a ramin da ruwa yake bi ya fita, don kada ƙaramin sukuru ya faɗa ciki. A saman kan famfo akwai ɗan murfi, ku ɗaga shi da bakin sukudireba. A ƙarƙashinsa akwai sukuru. Ku kwance shi zuwa hagu. Dama tana ɗaurewa, hagu tana kwancewa. Ku zare kan famfon, za ku ga babban noti. Ku sa masa sifana, ku riƙe jikin famfon da ɗaya hannun don kada bututu ya murɗe, ku juya hagu. Abin da ya fito, robar tana gindinsa. Ku jera duk abin da kuka cire a kan tsumma, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe, domin wajen mayarwa daga na ƙarshe za ku fara.

Ku tafi da tsohuwar robar wurin mai sayarwa ya ba ku irinta daidai. Kada ku yi kwatance da baki, girmansu ya bambanta. Idan kuma famfonku irin wanda ake ɗan juyawa kaɗan ruwa ya zo ne, ba shi da wannan roba, sai ku kai abin da kuka zaro gaba ɗayansa a sauya.

Bayan kun mayar, ku bar famfon a buɗe, ku buɗe makulli sannu-sannu. Idan ɗigar ta tsaya, kun gama, kuma kun yi ƙoƙari.

Ku kira mai gyaran famfo idan noti ya ƙi kwancewa duk da ƙarfinku, idan makullin gidan ba ya rufe ruwa, ko idan bango ya jiƙe alhali ba ku ga inda ruwan yake fitowa ba. Wannan bututu ne ya fashe a cikin gini.

Darasi na 2: Ƙwan fitila da fis

Kuskuren ruwa yana jiƙa ɗaki. Kuskuren wuta yana kai mutum kabari. Wutar gida a ƙasashe da yawa bolt 220 zuwa 240 ce, a wasu kuma 110 zuwa 120, kuma kowacce tana kisa. Abu biyu kaɗai na yarda ku yi da hannunku: sauya ƙwai da sauya fis na fulogi.

Ku nemo akwatin makunnan gidan, yakan kasance kusa da mita. A jikin babban makunni za ku ga ON da OFF, ko alamar I da O. ON ko I, akwai wuta. OFF ko O, babu. Ku rubuta su a littafinku, ku bi su da yatsa har idonku ya saba.

Ga yadda ake dubawa. Kafin ku kashe, ku kunna wata fitila ko fanka mai aiki a ɗakin. Ku je ku kashe babban makunni. Ku dawo. Fitilar ta mutu? Fankar ta tsaya? Idan ba su tsaya ba, akwai wuta a ɗakin, kome makunni ya ce. Gidan da yake da janareta ko sola ko inbata yana da tushen wuta fiye da ɗaya, sai an kashe kowanne.

Wani zai ce ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri kafin a kawo. Haba, Malam! Wanda zai maido da wutar ya san hannunka yana kan waya? Ko an ɗauke, a kashe makunni. Wata kuma za ta ce ai maigida ya ce ya kashe. Ke kika gani da idonki? Ki je ki duba. Ku manya ne, kuna da iyali, bai kamata ina faɗin magana ɗaya kullum ba, amma har yanzu sai na tambaya a aji in ji an ce "a kashe", a yi shiru. Ina rabin na biyu? A rufe, sannan a duba.

Hannu a bushe, ƙasa a bushe, takalmin roba a ƙafa. Ku jira ƙwan ya huce. Wani ƙwan murɗa shi ake yi zuwa hagu. Wani kuma ana ɗan danna shi ciki, a juya hagu kaɗan, ya fito. Ku sayi mai irin gindinsa.

Fis kuwa yana cikin fulogi mai ƙafa uku. Ku zare fulogin daga bango tukuna, ku riƙe shi a hannu, ku ga ba ya haɗe da komai. A jikin fis akwai lamba: 3A, 5A ko 13A. Ku sa mai lamba iri ɗaya. Aikin fis shi ne ya ƙone don kada gida ya ƙone, saboda haka wanda ya cusa waya ko takardar azurfa a madadinsa ya cire mai gadin gidansa da hannunsa. Kada in ji wani cikinku ya yi haka.

Ku kira mai gyaran wuta idan sabon fis ya sake ƙonewa, idan makunni yana faɗuwa da kansa, idan soket ya yi baƙi ko zafi ko yana warin ƙonewa, ko idan jikin firij ko famfo yana jan mutum. Wanda wuta ta kama, kada ku taɓa shi da hannu. Ku kashe makunni, in bai samu ba ku ture shi da busasshen katako.

Darasi na 3: Warin gas

Wannan ba gyara ba ne, tsira ne. Gas ɗin girki ba shi da wari, da gangan ake sa masa don a ji idan yana yoyo. Ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa. Idan kun ji shi, ku rufe kan tukunyar, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da yara. Kada ku kyasta ashana. Kada ku kunna makunnin wuta, kada ku kashe shi, domin ɗan tartsatsinsa ya isa. Ana gane wurin yoyo da ruwan sabulu: a shafa a tiyo da mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Sauran aikin na mai sana'a ne.

Darasi na 4: Magudanar da ta toshe

Ku sa bokiti a ƙarƙashin lanƙwasasshen bututun da yake ƙasan wurin wanke-wanke, ku kwance shi da hannu, ku wanke, ku mayar. Kada ku haɗa bilic da wani maganin wanki, hayaƙinsu guba ne. Idan duk magudanan gidan sun toshe lokaci guda, a kira mai gyara.

Darasi na 5: Bango da rufi

Tsagewa siririya a filasta, ku cike ta da siminti. Wadda ta karkace, ko bakin sukudireba yana shiga cikinta, ku ja layi da fensir a ƙarshenta, ku rubuta kwanan wata. Idan ta wuce layin, a nemo magini ko injiniya. Tsani mai kaiwa mita 4, gindinsa ya nisanci bango da mita 1, wani ya riƙe. Kada a hau jiƙaƙƙen kwano.

Darasi na 6: Ƙyaure mai kuka

Ku ɗiga mai a ƙarafan da yake juyawa a kansu. Sukurun da ya saki, a ɗaure.

Aikin gida: kowa ya rubuta lambar wayar mai gyaran famfo da ta mai gyaran wuta a takarda, da sunan sana'ar a gefen kowace lamba, ya zo da ita aji mu gyara rubutun kafin ya liƙa ta a bango.