Yadda Ake Kai wa Mai Baƙin Ciki Begen Tashin Matattu

Kuskuren da masu ziyara suka fi yi shi ne gaggawa. Mutum ya rasa matarsa, ko likita ya faɗa masa cutar ta fi ƙarfin magani, sai ɗan'uwa daga ikkilisiya ya shigo riƙe da Littafi Mai Tsarki, tun bai gama zama ba ya fara cewa, "Daina kuka, ai tana wurin Ubangiji." Maganar daidai take a bangaskiyar Kirista, amma ta riga lokacinta, shi ya sa ba ta shiga. Begen rai madawwami yana da yadda ake miƙa shi, akwai abin da ake farawa da shi, akwai wanda sai daga baya.

A ziyarar farko, zama kawai ya kai ka. Minti 20 zuwa 30 sun isa, sai fa in shi ne ya riƙe ka. Kashe wayarka. In yana kwance, nemi kujera ka zauna daidai da fuskarsa, kada ka tsaya masa a ka. Kira sunan mamacin, domin mutane kan kauce wa sunan don gudun tayar da ciwo, alhali wanda aka yi wa rasuwa so yake ya ji ba a manta ba. Abokan Ayuba su uku sun zauna da shi a ƙasa kwana 7, dare da rana, ba wanda ya ce uffan (Ayuba 2:13). Da suka buɗe baki suna laluben zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka ƙara masa ciwo, har Allah ya tsauta musu a sura ta 42. Yesu kansa ya yi hawaye a bakin kabarin Li'azaru, ga shi kuwa ya san zai tashe shi a ranar. In ka hana mutum kuka da sunan bangaskiya, ka ɗora masa abin da Ubangiji bai ɗora wa kansa ba. Bulus ma bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13).

Karatu yakan zo a ziyara ta biyu, ko a ƙarshen ta farko in ka ga fuska. Tambaye shi tukuna: "In karanta mana wani wuri?" In ya ce a'a, ka bar shi haka, ka yi gajeriyar addu'a. In ya yarda, wuri ɗaya tak, aya 5 zuwa 10, da murya a hankali, cikin fassarar da ya saba ji tun yana yaro. Mai baƙin ciki ba ya riƙe dogon karatu, kuma tsalle daga wannan littafi zuwa wancan yana gajiyar da shi.

Wurin da za ka karanta ya danganta da irin ciwon. Wanda ke fushi da Allah, ko yake ganin an yashe shi, kai shi Zabura 13. Aya 6 ce kawai, ta buɗe da tambayar "har yaushe" sau huɗu, ta rufe da dogara ga madawwamiyar ƙaunar Allah. In ko wannan ta yi masa nauyi, akwai Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba. Mutane da yawa sukan yi mamakin akwai irin wannan addu'a a Littafi Mai Tsarki, mamakin kuma yakan buɗe musu baki su yi tasu. Wanda ke jinya mai tsawo, jiki na lalacewa a kan idonsa, 2 Korintiyawa 4:16 zuwa 5:1 ta fi dacewa da shi. Sai dai a kula: Bulus ya kira wahalar nan mai sauƙi, ta ɗan lokaci, mai ciwo kuwa zai iya jin kamar an raina abin da yake sha. Saboda haka ka nuna masa wanda ya yi maganar, daga sura ta 11: an yi masa bulala 39 har sau biyar, an doke shi da sanduna sau uku, an jajjefe shi sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi a teku sau uku. Wanda mutuwa ta matso masa kuwa, Yahaya 14:1-3 (wasu fassarori sun ce Yohanna) da Luka 23:39-43 sun wadatar.

Yanzu ga ainihin begen, wanda masu ta'aziyya da yawa sukan faɗi rabinsa su bar rabi. Rabin farko shi ne mai bi da ya mutu yana tare da Almasihu tun yanzu, kamar yadda Bulus ya ce a Filibiyawa 1:23. Rabi na biyu ya fi girma: jikin da aka binne zai tashi. Sura ta 15 ta 1 Korintiyawa, mai aya 58, a kan wannan kaɗai take. Bulus ya kafa hujjarsa a kan tashin Yesu, ya lissafa waɗanda suka gan shi, har da 'yan'uwa sama da 500 a lokaci guda, sa'an nan ya kwatanta gawa da ƙwayar iri: ana shuka ta ruɓaɓɓiya, a tashe ta marar ruɓa. A Wahayin Yahaya 21 kuma, tsattsarkan birni ne ke saukowa daga sama zuwa sabuwar duniya, Allah ya zauna tare da mutane, ya share musu hawaye. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, a siffar da aka tabbatar a Konstantinoful a shekara ta 381, da wannan ta rufe: sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa. Wannan rabin yana da amfani ƙwarai ga wanda ya ga jikin masoyinsa ya rame ya ƙanjame a gadon asibiti, domin hoton nan ne ke hana shi barci. Kada ka faɗa masa duka a zama ɗaya. Raba shi ziyara biyu ko uku.

Akwai maganganun da ke ɓata aiki. "Allah ya fi mu son ta" yana sa yaro ya ɗauki Allah a matsayin wanda ya ƙwace masa uwa. Romawa 8:28, mai cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce, amma a makon farko tana zama kamar an ce rasuwar alheri ce. Jira sai shi ya ɗauko ta, ko ka fara daga aya ta 35 zuwa 39. Kada ka danganta wahala da wani zunubi nasa, Yesu ya ƙi wannan lissafi a kan makahon Yahaya 9 da kuma mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4). Kada ka yi alkawarin warkewa, domin in ba ta zo ba, bangaskiyar da ka jingina a kanta sai ta rushe tare da ita. In ba ka san matsayin mamacin a bangaskiya ba, kada ka yanke hukunci ta kowane gefe, ka danƙa shi ga adalci da jinƙan Allah.

Wani abu kuma yana bukatar kunne mai kaifi. Tsoho mai jinya da ya ce ya ƙosa ya tafi wurin Ubangiji, wannan marmari ne da Bulus ma ya yi. Amma in mutum yana cewa ya zama kaya ga iyalinsa, yana rarraba kayansa, ko yana maganar hanyar da zai bi ya huta, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da makamai daga kusa da shi, a sanar da wani na jikinsa da fasto, a kai shi ga likita a ranar.

Bege kuma yana tafiya da hannu. Yakubu 2:15-16 ya yi tir da wanda ke sallamar mabukaci da fatar baki. Maimakon "in kana bukatar wani abu ka faɗa", zaɓi aiki ɗaya ka ambata shi da rana: kai yara makaranta ranar Litinin, ko kwana a asibiti ranar Laraba.

Mutane sukan cika gida a kwanakin farko, sa'an nan kowa ya kama gabansa, a nan ne kaɗaici ke fara cizo. Rubuta ranaku a kalandarka: bayan mako 2, bayan mako 6, bayan wata 3, ranar haihuwar mamacin, Kirsimeti da Ista na farko, da ranar cika shekara. A Ista ta farko, je ka ɗauke shi ku tafi sujada tare, ku zauna kusa da ƙofa, domin in waƙoƙin tashin Almasihu suka fi ƙarfinsa ya sami hanyar fita ba tare da idanu sun bi shi ba.