Yadda nake haɗa rami da harshe a katako

A shekarata ta farko a kwalejin zane da ƙira, teburin maɗacin da na haɗa rawa ya riƙa yi, saboda kuskuren milimita 1 kacal. Rami da harshe hanya ce ta haɗa katako biyu: a rage ƙarshen ɗaya ya zama harshe, ya shiga ramin da aka fafe a jikin ɗayan. Ga yadda nake yi yanzu.

Ka bar katakon ya kwana biyu a ɗakin aiki tukuna, musamman lokacin hunturu, don yana tsukewa idan ya bushe. Sai ka goge fuska ɗaya da gefe ɗaya su miƙe sak, ka sa musu alama. Duk awon da za ka yi, daga nan zai tashi.

Ajiye fensir, layinsa ya yi kauri. Da wuƙa nake tsaga layi, bakin kurfi, wato ƙarfen fafe katako, ya zauna cikin tsagar daram.

Kaurin harshe sulusin katako ne: idan katakon milimita 24 ne, harshe 8. Fara fafe ramin, domin rage harshe ya fi gyaran rami sauƙi. Wajen yanke harshen, zarto ya bi gefen da za a zubar, kada ya ci layin. Sannan ka riƙa fiƙewa kaɗan-kaɗan kana gwadawa, har harshen ya shiga da turin hannu, ka ɗaga bai zame ba.