Me ya sa hoto ɗaya ke ƙonewa, na bayansa ya yi duhu?

Ranar hawan sallah a Ƙofar Soro ta Katsina, ka ɗauki mahayi sau biyu ba ka gusa ba: na farko fes, na biyu fuska ta dushe. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Ma'aunin hasken da ke cikinta ne bai san fari da baƙi ba, komai so yake ya mayar ruwan toka, wato launin da ke maido kusan kashi 18 cikin 100 na haske. Farar shadda da rawani suka cika hoton, ya rage haske. Baƙin doki ya gitta, ya ƙara.

Awon da kyamara ke zuwa da shi, wanda Canon ke kira Evaluative, Nikon kuma Matrix, yana raba hoton gida-gida, ya fifita inda fokas ya sauka. Ɗaga hannu kaɗan sama ta shigo, lissafi ya rushe. Lokacin hazo abin ya fi muni, don sama fara ce fat.

Awon tsakiya, mai fifita tsakiyar hoto, ya fi natsuwa a irin wannan cunkoso. Awon ɗigo kuwa, mai duba kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na hoton, sai gwani. A Nikon yana bin ɗigon fokas, a yawancin Canon tsakiya kawai yake aunawa. Ka ɗora shi kan fuskar baƙin mutum, zai haskaka ta fiye da kima har shadda ta ƙone, don haka rage -2/3 zuwa -1 da maɓallin +/-. In farin kaya ka auna, ƙara +1 ko fiye.

Da ka samu hasken da ya yi maka, kulle shi: AE-L a Nikon, alamar tauraro a Canon. Amma muddin rana ba ta sauyawa, koma M, inda kai ke saita komai da hannu, ka kashe Auto ISO (ISO shi ne ƙarfin jin hasken kyamara), in ba haka ba kyamara ce dai ke yanke hukunci. Da tsakar rana fara da ISO 200, buɗin lens f/8, saurin shata 1/800 na daƙiƙa, wanda ya isa ya tsayar da sukuwa. Kada allo ya ruɗe ka cikin rana; duba histogiram, jadawalin da ke nuna rabon haske da duhu a hoton, in ya manne da bangon dama, fari ya ƙone.

A ɗakin biki matsalar daban ce. Wutarmu 50 Hz ce, wasu fitilun na ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Sa shata 1/50 ko 1/100 don kada ƙyaftawar ta ɓata hoton.